Tukunyar Ɗakin Ƙasa Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin cikin da ban sa ran wani zai taya ni ɗauka ba, nake sanar da mazauna wannan bene, daga masu shagunan ƙasa har zuwa tantabarun da aka kora daga rufi, rasuwar tukunyar da ke dafa mana ruwan wanka, wadda yara ke kira Tsohuwa, manya kuma ke kira da sunayen da bai dace a manna su a allon sanarwa ba.

Ta cika wata Talata a watan jiya, da hantsi, a ɗakinta na ƙarƙashin matakala, inda ta zauna sama da shekara talatin ba ta taɓa leƙa waje ba. Wani saurayi mai riga da tambarin kamfani ne ya murɗa makunnin man da take sha. Ta yi ajiyar zuciya guda ɗaya, doguwa, ta yi shiru. Shi kuwa ya goge hannu a wando ya tafi cin abinci. Na jinkirta wannan sanarwa ne don in ga ko wani daga cikin waɗanda suka yi wanka da guminta zai ce uffan. Ba wanda ya ce. Gawar tana nan inda take, da sanyi, an kulle mata ƙofa.

Mai sanarwa shi ne tsohon nan na hawa na shida, ƙofa ta ƙarshe kafin rufi, wanda kuke gaisarwa a matakala ba tare da kun rage sauri ba. Ni ba danginta ba ne, amma na duba ban ga wanda ya fi ni kusa ba. Na yi aikin gyaran rubutu a maɗaba'a har idona ya ƙi, kuma sanarwar mutuwar da ta bi ta ƙarƙashin jan birona ba ta lissafuwa. Na san ƙa'idar: a faɗi alheri, a rufe aibi, a jera waɗanda aka bari. Zan yi na farko da na ƙarshe. Na tsakiyar kam na yi shi shekaru ana biyana, yanzu na yi ritaya.

Marigayiya ta zo gidan nan tun yana warin siminti. Ta riga kowa, har da mai gidan na yanzu, wanda ya gaje ta kamar yadda ake gadon tsohuwar gwaggo: ba ya so, ba ya kuma iya kora. Ba ta taɓa tambayar wanda ke ƙarƙashin famfo ko shi wane ne ba. Mai gaskiya da maƙaryaci zafi ɗaya ta ba su. Da ruwanta aka yi wa tagwayen hawa na uku wankan farko, waɗanda yau suke da gemu suna ajiye babur a bakin ƙofa yadda mutum ba zai wuce ba. Da ruwanta ma'aikaciyar jinya ta hawa na huɗu take wanke warin asibiti daga jikinta. Da ruwanta kuma mata suka wanke mai ɗakina ranar da ta bar ni, kuma ranar, abin da ba halinta ba, Tsohuwa ba ta yi ko tari ba sai da aka gama.

Aibinta kuwa ba a ɓoye yake ba. Tana shan man dizal kamar wadda aka yi wa baki. Hayaƙinta ya mayar da bangon bayan gida launin gindin tukunya, kuma duk matar da ta shanya farin zane a wannan ɓangaren ta san abin da ta ɗauko. Ga surutu. Kafin gari ya waye za ka ji ta farka: “Wuuum.” Sai ta gyara murya: “Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.” In ranta ya ɓaci sai ta bi bututu ɗaki-ɗaki tana dukan bango: “Gum! Gum-gum! Gum!” har hoton aurenmu ya karkace. Baƙon da bai sani ba yakan zabura ya ce wa ke buga ƙofa. Mukan ce masa ya kwanta, matar gida ce.

Amma babban aibinta, wanda saboda shi nake wannan rubutu, shi ne haɗiyar iska. Wani wuri a jikinta, wanda masu gyaran famfo suka nema har suka tsufa, tana zuƙar iska cikin dare. Iska kuma ba ta zama ƙasa, sama take hawa. Sai ta bi bututu, hawa bayan hawa, ta taru a wuri mafi tsawo a duk gidan, ta tsaya nan ta toshe hanya. Muddin tana nan, ruwan zafi ba ya zagayawa, kowa sai dai ya sha sanyi. Wuri mafi tsawon nan kuwa yana cikin banɗakina, sama da kwamin wanke hannu, inda magina suka sa wani ɗan bawul na tagulla da bai fi babban yatsa ba. Kullum da safe sai an murɗa shi da sifana. Sai ya ce “Tssssss,” ya yi tsartuwa, sannan ruwa ya biyo, sannan mutanen gida su zama mutane.

Mai murɗawar shi ne mai kula da gidan nan, wanda kuke kira Mai Makulli. Sifanar tasa ce, kuma bai yarda kowa ya taɓa bawul ɗin ba tun ranar da wani ɗan haya ya murɗe shi gaba ɗaya aka yi ambaliya. Saboda haka kowace safiya, da lafiya da ciwon gwiwa, sai ya hau har hawa na shida ya buga ƙofata.

“Malam, kana nan?”

“Ina zan je?”

Iyakar hirar ke nan a yawancin ranaku. Ya shiga, ya murɗa, ya saurari tsartuwar kamar likita, ya ce, “Yau ta ci iska da yawa, 'yar banza,” ya fita. In ya ga ban aske gemu ba ya ce, “Malam, reza ta yi yaji ne?” In ya ga kwanon jiya a kan tebur da abinci a ciki, sai ya kalle ni, ya kalli kwanon, da yamma sai ga matarsa ta aiko da miya wai ta yi yawa.

In kuwa na makara wajen buɗewa, ba sai shi kaɗai ba. Gidan duka yakan hau. Na sha buɗe ƙofa in tarar da direban hawa na biyu ɗaure da tawul, ma'aikaciyar jinya da bokiti, da uwar tagwaye tana cewa, “Haba Baba, don girman Allah, sai mun makara?” Ban taɓa ruɗin kaina cewa ƙauna ce ta hau da su ba. Wanka ne. Amma na rayu na karanta abin da ya ishe ni in san cewa ƙauna tana mantuwa, tana tafiya, tana cewa gobe. Mai kumfa a ido ba ya cewa gobe.

Bara na faɗi a banɗakin nan da yamma. Ƙafa ce ta zame, ko kai ne ya juya, ban sani ba, likita ma da ya duba bai zaɓa mini ba. Na kwana a kan tayil, ƙugu ya ƙi motsi, muryata ba ta wuce ƙofar falo. Ban yi wani tunani mai zurfi ba, duk da littattafan da ke ɗakin. Abu ɗaya nake yi: ina kallon ɗan bawul ɗin nan, ina roƙon Tsohuwa ta ci iska ta ƙoshi. Ta kuwa ci. Da safe Mai Makulli ya buga bai ji amsa ba, makullinsa ya ƙi shiga saboda nawa na ciki. Ya sauka yana shawara da kansa. Direban hawa na biyu, wanda ruwa ya yanke wa yana tsakiyar wanka, bai yi shawara da kowa ba. Kafaɗa ya sa. Suka same ni. Mai Makulli ya durƙusa yana salati yana tallafo kaina. Direban ya tsaya a kanmu, kumfa na bushewa a kunnensa, ya ce, “Sannu Baba, sannu. To... a fitar da iskar tukuna, ko a kira mota tukuna?”

Ban riƙe shi a zuciya ba ko kaɗan. Kumfar kunnensa ce ta cece ni, kuma ina yi masa godiya a nan, a rubuce.

Ya kamata in faɗi wani abu da mutum biyu kaɗai suka sani, ɗayar kuma tana kabari. Wannan ciwo na Tsohuwa yana da magani tun tuni. A shekarar da mai ɗakina ta kwanta, wani mai gyaran famfo ya zo da wani ƙarfe da ke fitar da iska da kansa, ya ce a cire tsohon bawul a sa shi, kowa ya huta da hawa. Ita da ba ta iya miƙewa sai an riƙe ta, ta taso ta tsaya a ƙofar banɗaki ta ce ba mai fasa mata tayil tana raye. Ta yi masa tas har ya tattara kayansa yana ba da haƙuri. Da ya fita na ce mata wannan rigima ce marar dalili, tayil ɗin ma ai ba kyau gare shi ba. Ta koma gado, ta ja bargo, ta ce, “Malam, kai ba ka iya neman mutane ba, ba kuma za ka koya yanzu ba. A bar abin da zai riƙa kawo maka su.”

Ta san abin da ta aura. Ta bar mini 'ya ɗaya, da kujera mai kyau, da ciwon tukunya. A cikin ukun, na ƙarshen ne yake zuwa kullum.

Yanzu sai jinyar ajali. Marigayiya ba ta kamu da komai ba. Daga tsallaken titi abin ya zo. Benen da ke fuskantarmu ne ya fara sa na'urar dafa ruwa da zafin rana a kan rufinsa, mutanen gidanmu suka riƙa ɗaga kai suna kallo kamar yaran da maƙwabci ya sayi mota. A hawan ƙarshe na wannan benen akwai wani tsoho mai gyaran agogo. Ban san sunansa ba, bai san nawa ba. Tagarsa tana kallon tawa, in mun ɗaga labule da safe mukan ɗaga wa juna hannu, shi ke nan. Wata safiya labulensa bai ɗagu ba. Washegari ma haka. Na gaya wa Mai Makulli, ya tsallaka ya gaya wa mai kula da nasu gidan, wancan ya ce ai ƙila ya je wajen ɗansa, ba a fasa wa mutum ƙofa haka kawai. Na sake magana, aka sake ba ni amsar. Waɗanda suka hau goge gilasan na'urar rufin ne suka ji abin da suka ji ta tagar banɗakinsa. Na tsaya a tawa tagar na ga yadda aka sauko da shi. Masu ɗaukar sun ɗaure hanci da ƙyalle. Katifar ma a ranar aka fitar da ita.

Ba na zargin kowa. Mai kula da gidan can gaskiya ya faɗa. Ba a fasa ƙofa saboda labule. Saboda ruwan wanka ake fasa ta.

Ba a yi wata biyu ba kwamitin gidanmu ya kira taro a filin ajiye motoci, aka jera kujerun roba. Kamfanin ya turo injiniya, yarinya mai ladabi da ba ta kai 'yata ba, ta zo da hotuna. Ciyaman ɗin kwamiti, mai shagon taya, ya buɗe taro da cewa, “Jama'a, rana dai ba ta da mita.” Aka yi dariya. Ni kaɗai na ɗaga hannu. Na tambayi nauyin tankunan a kan rufin da aka zuba tun kafin a haife ta. Ta ce an auna, ta nuna inda ginshiƙai suke. Na tambayi ranar hadari. Ta ce akwai wayar lantarki a cikin tanki da ke karɓar aiki. Na tambayi ƙanƙara, na tambayi tsatsa, na tambayi tsuntsaye. Duk ta amsa, kuma duk daidai. Na yi shekaru ina neman kuskure a aikin mutane, na san lokacin da babu.

Sai na ce, “To iskar fa?”

Fuskarta ta washe. Ashe an ba ta labari. Ta ce, “Baba, wannan ai albishir ɗinka ne. Yanzu wuri mafi tsawo ya koma kan rufi, kuma can za mu sa abin da ke fitar da ita da kansa. Na banɗakinka za mu toshe shi. Ba wanda zai ƙara buga maka ƙofa da sassafe, har abada.”

Aka tafa. Da gaske aka tafa. Uwar tagwaye ta juyo ta ce, “Kai, Baba ya sha fama da mu, wallahi.” Direban ya ce, “Baba, ka yafe mana, daga yau barcinka sai ka ga dama.” Ciyaman ya ce a rubuta cewa an yi wannan aiki har da tausayin dattijon sama. Na dubi fuskokinku ɗaya bayan ɗaya ina neman mugunta, don mugunta ana iya faɗa da ita. Ban samu ba. Kyauta kuke ba ni. Mai Makulli kaɗai ne bai tafa ba, yana can baya yana juya sifanarsa a hannu.

Za a ce me ya hana ni magana. Ku gwada ku gani: ka miƙe da furfurarka a gaban yaran da ka ga ranar sunansu, ka ce a ci gaba da ƙona mai, a ci gaba da baƙanta zannuwa, a ci gaba da wanka da sanyi rabin mako, don kada ka ruɓe a ɗaki. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Allah ya sa alheri.” Aka ce amin.

Sai aka zo da motar ɗaga kaya ta tare titi. Aka kori tantabaru, aka share rufi, aka kafa ƙarafa a jingine suna kallon inda rana ke bi. Na'urar huda siminti ta yi kwanaki a saman gadona, ƙura na zuba a kan littattafai. Da suka gama na roƙi Mai Makulli ya riƙe ni na hau na gani. Dogayen bututan gilashi baƙaƙe, an jera su sahu-sahu a kan firam, kowane sahu da farin tanki kwance a kansa. Yaran gidan suka ce kamar a fim. Ni abin da na gani shi ne makara a jere, an jingine, ana jiran masu ita. Ba su ƙara, ba su wari. Suna kwance suna shan rana, baƙi ƙirin, ba ruwansu da wanda ke ƙarƙashinsu. Wanda ya fi girma yana daidai saman inda nake sa kaina.

A rana ta ƙarshe wani ma'aikaci ya shigo banɗakina da takalminsa, ya kwance ɗan bawul ɗin, ya jefa a bokitin tarkace, ya ɗaura toshi a gurbinsa. Bai fasa tayil ko ɗaya ba. Ya ce, “An gama, Baba.” Washegari aka kashe Tsohuwa.

Adalci ya sa in faɗa: magajin nata yana aiki. Ruwan ya fi zafi, yana zuwa kan lokaci, bangon baya ya daina baƙi, kuma yaron hawa na biyar mai ciwon ƙirji an ce tarinsa ya ragu. Ba ni da ƙara a kan rana. Ta daɗe tana aikinta kafin a ba ta wannan. Abin da kawai na lura shi ne ba ta da wata buƙata a wurin kowa. Ba ta haɗiyar iska, ba ta fushi, ba ta dukan bango. Abin da ba ya lalacewa ba ya aiko da mutum.

Marigayiya ta bar injin tura ruwa, wanda aka cire aka ajiye a kwali. Ta bar tankin mai, babu komai a cikinsa sai wari. Ta bar bututun hayaƙi, yana tsaye a rufi cikin baƙin nan kamar wanda aka zo gidansa biki ba a gayyace shi ba. Ta bar wata kyanwa mai ido ɗaya da ta saba kwana a gefenta saboda ɗumi, wadda har yanzu take zama a bakin ƙofar da aka kulle.

Ta bar Mai Makulli. Safiyar farko ya hau kamar kullum, ya buga, na buɗe, ya shiga har banɗaki, sannan ya tsaya da sifana a hannu yana kallon toshin. Na dafa masa shayi, abin da ban taɓa yi ba, ya sha a tsaye. Ya ce, “Malam, zan riƙa leƙowa, kada ka damu.” Ya leƙo, ya sake leƙowa. Sai mai gida ya lura cewa mutumin da ba shi da tukunyar lura yana da lokaci, ya haɗa masa da wasu gidajensa biyu a wata unguwa. Yanzu in ya zo nan, goge gilasai yake zuwa yi, kuma ta tsanin ƙarfe na baya yake hawa, wanda ba ya bi ta ƙofata. Nakan ji takunsa a saman kaina, yana jan ƙafar nan mai ciwo. Wani lokaci yakan buga rufin da dunduniya sau biyu. Ina ɗauka gaisuwa ce. Ba ya jiran amsa, kuma ko na amsa ba zai ji ba.

Ta bar ni. 'Yata tana aure a gari mai nisa, tana bugo waya ranar Lahadi, yarinyar kirki. Da na ba ta labari ta ce, “Baba, ai ci gaba ne, kai dai ba ka son sabon abu.” Na ce haka ne. Ban gaya mata cewa tsakanin Lahadi da Lahadi akwai fili mai yawa ba, kuma ɗakin da ke ƙarƙashin rufi yana da zafi.

Tun da aikina ne tabbatarwa kafin a buga, na yi gwaji. A makon da ya wuce na rufe ƙofa, na saki labule, ban sauka ba, ban kunna rediyo ba, ban fitar da shara ba. Na zauna ina sauraro. Da safe nakan ji famfuna suna buɗewa a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ruwa na gudu a bango sumul, wani yana waƙa a banɗaki. Na ji ana kai yara makaranta, na ji ana dawo da su. Ba ƙafar da ta wuce hawa na biyar. Da burodi ya ƙare na sauko, na haɗu da Ciyaman a bakin shagonsa. Ya washe baki ya ce, “A'a, Baba, kwana biyu! Ka ga yadda muka ƙyale ka ko? Har ka yi ƙiba.”

Shekaranjiya kuma, ba gwaji ba, kan ya sake juyawa. Na samu na zauna a ƙasa kafin ya kayar da ni. Na jima a nan, bayana jingine da bango, ina jin ɗumin bututu yana wucewa ta ciki zuwa wurinku. Daga baya na kama bakin kwami na tashi. Wannan karon na tashi.

Ina miƙa godiya ga kwamiti bisa tausayinsa, ga injiniya bisa amsoshinta, da ga duk wanda ya tsaya ya karanta har nan alhali yana sauri.

Jana'iza za ta kasance ranar Asabar da safe. Da yake magina sun sauke marigayiya ne kafin su ɗaga bango, ba za ta fita ta ƙofa a yadda take ba. Mai walda zai yanka ta gunduwa-gunduwa a ɗakinta, masu sayen tsohon ƙarfe su loda a mota. Ana roƙon iyaye su riƙe yara saboda tartsatsi, masu babur su matsar da su daga bakin ƙofa ko sau ɗaya a rayuwarsu, wani kuma ya ɗauke kyanwar. Ba a buƙatar jawabi. Ni zan sauko in tsaya, in ƙafa ta yarda.

Gaisuwa kuma ana karɓarta a hawa na shida, ƙofar ƙarshe, da safe. Kada a kawo komai. Ba sai an zauna ba, ba sai an yi hira ba, na san ba ni da daɗin zama. Kada kuma ku taho gaba ɗaya ku gama a rana guda. Mutum ɗaya ya isa, amma kullum. Ku raba tsakaninku yadda kuka raba kuɗin gilasan, ba a yi rigima ba. Wanda ya buga ya ji na yi masa tsawa, ya sauka da farin ciki, gaisuwarsa ta karɓu. Wanda ya buga ya ji shiru, kada ya ce na je wajen 'yata. Ba na zuwa ko'ina. Ya tura ƙofar, ba a kulle take ba.

Ranar rufe karɓar gaisuwa ba ni zan sanar da ita ba. Wanda ya hau a ranar shi zai riga kowa sani. Abin da nake roƙo kawai, ya kasance washegari ne ya sani, ba wani mako ba.